FILIN MANOMA: Injin Kaftu, A Auna Lambu Kafin A Je Kanti

Duk shekara, da zarar ruwan damina ya ɗauke, fadamu suka fara tsanewa, sai hankalin masu lambu ya koma ga aikin da ya fi kowanne cin ƙarfi, watau kaftun ƙasa da gyaran fangali kafin a dasa tumatir da albasa da tattasai da sauran kayan miya. Tun kaka da kakanni da fartanya da garma ake wannan aiki; ko dai mutum ya yi da iyalinsa, ko ya kira gayya, ko kuwa ya ɗauki 'yan ƙwadago. To amma a zamanin nan gayya ta yi wuya, kuɗin ƙwadago kuma kullum gaba yake yi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ake ganin masu lambu, tun daga Kadawa da Bakolori har zuwa waɗanda ke noman ganye a bakin rafukan Badun da Ikko, suna tambayar kuɗin ɗan ƙaramin injin nan da mutum kan riƙe da hannu biyu, yana bin sa a baya, shi kuwa yana ta kafce ƙasa.

Babu mai musun cewa injin yana da amfani. Amma fa kuɗinsa ba kaɗan ba ne, domin yana iya lashe ribar noman rani guda ɗungurungum. In kuwa aka sayi wanda bai dace da lambun ba, asarar takan zama biyu: kuɗi sun tafi, ƙasa kuma ta lalace, ga shi ita ce jarin da manomi ba shi da kamarsa. Don haka filin wannan mako zai duba abubuwan da ya kamata mai lambu ya auna tun kafin ya taka ƙafarsa kanti, kuma mafi yawansu a cikin lambunsa zai same su.

ASALIN INJIN

Mutumin da ya fi shahara wajen ƙago wannan inji shi ne Arthur Clifford Howard, ɗan ƙasar Ostareliya. A cikin 1912, tun bai cika shekara ashirin da haihuwa ba, ya fara gwaje-gwaje a gonar mahaifinsa da ke wani gari wai shi Gilgandra. Tunaninsa shi ne, maimakon inji ya riƙa jan garma a bayansa, me zai hana ƙarfin injin ya tafi kai tsaye wajen juya wuƙaƙe waɗanda za su sari ƙasa su farfasa ta? Gwajinsa na farko watsar da ƙasar ya riƙa yi gefe, har sai da ya ƙera wuƙa mai lanƙwasasshen baki, irin wadda ake gani a jikin injunan har yau. Ya kafa kamfani a 1922, sa'an nan a 1938 ya tafi Ingila ya kafa wani a lardin Essex. Sunan da kamfanin ya laƙaba wa injinsa, watau Rotavator, shi ne ya bi duk dangin injin a bakin mutanen Ingila, kamar dai yadda a ƙasar nan ake kiran kowane garin sabulu Omo, kowane dunƙulen miya kuma Maggi.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Wani ƙarfe ne a gicciye, an jera masa wuƙaƙe, inji yana juya shi sau ɗari ko fiye da haka a cikin minti guda. Kowace wuƙa ta sari ƙasa ta cilla ta baya, ke nan a tafiya guda an yi kaftu, an kuma farfasa hoge. Zurfin da yake kaiwa bai cika wuce santimita 15 zuwa 20 ba, watau kimanin taƙi guda, kuma ba ya yin kunya sai in an ɗaura masa 'yar garma ta dabam a baya.

LAMBUNAN INGILA

Kafin a shiga maganar wanda za a saya, yana da kyau a leƙa ƙasar Ingila, domin can an daɗe ana amfani da wannan inji a ƙananan lambuna irin na talaka, an kuma san alherinsa da sharrinsa. A garuruwan Ingila akwai filaye waɗanda ƙananan hukumomi ke yankawa gunduwa-gunduwa suna ba mazauna gari haya a kan kuɗi kaɗan a shekara, don su noma abin miya. Wata doka ta 1908 ta ɗora wa hukumomin nauyin samar da irin waɗannan filaye in mutanen gari suka nuna suna buƙata, wata kuma ta 1922 ta ce kada lambun mutum guda ya wuce rubu'in eka, kuma yawancin amfaninsa ya zama na ci ne a gida. Amma girman da aka saba bayarwa shi ne murabba'in mita 250, misali mita 10 a faɗi da mita 25 a tsawo. Sai an haɗa goma sha shida irinsa sa'an nan a sami eka guda.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku suka riƙa nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci, gwamnati ta yi yekuwa kowa ya noma abin da zai ci, har aka kafce filayen wasa da na shan iska. Ya zuwa 1943 yawan lambunan ya kai wajen 1,400,000. Dattawan ƙasar nan za su tuna da irin wannan kira a shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, sa'ad da aka nemi gidaje da makarantu su yi lambu. Bayan yaƙi lambunan Ingila sun ragu ƙwarai, amma daga baya sha'awarsu ta dawo, har a wasu unguwannin London mutum kan yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa.

Abin da ya sha faruwa a waɗannan lambuna darasi ne ga kowa. Mutum ya daɗe yana jira, a ba shi lambun da wani ya bari ya zama saura, ciyawa ta rufe shi. Sai ya ɗauko inji, cikin awa biyu ya mai da wurin fes, ƙasa ta yi laushi kamar gari, ya koma gida yana murna. Bayan mako uku ko huɗu sai ciyawa ta dawo fiye da yadda take a da. In kuwa ƙasar laka ce, aka kuma kafce ta tana jiƙe, sai ruwa ya fara kwanciya a inda a da ba ya kwanciya. Daga nan ne tambayoyi uku suka fito, waɗanda suka shafi mai lambu a fadamar Haɗeja kamar yadda suka shafi na gefen Birmingham: mene ne girman lambun, wace irin ƙasa ce, kuma wace irin ciyawa ce a cikinsa?

GIRMAN LAMBU

Lissafin farko mai sauƙi ne. A ɗauki inji wanda faɗin wuƙaƙensa santimita 60 ne, mai riƙe da shi kuma yana tafiya a hankali, kilomita ɗaya da rabi a awa. A takarda zai kafce murabba'in mita 900 a awa guda. Amma a cikin lambu akwai juyawa a ƙarshen layi, akwai tsayawa a cire ciyawar da ta naɗe wuƙaƙe, kuma galibi sai an bi wurin sau biyu. Ko da an raba wancan adadi gida uku, lambu mai murabba'in mita 250 awa guda ta ishe shi. In sau biyu ake gyaran ƙasa a shekara, ashe injin zai yi aikin awa biyu ko uku ke nan, sauran kwanakin shekara yana ajiye a zaure, fetur yana lalacewa a cikinsa, tsatsa tana cin sa.

Mai lambu irin wannan, ko ma'aikacin da ke da ɗan fili a bayan gidansa, ba ya buƙatar mallakar inji. Fartanya da manjagara sun ishe shi, in kuma aikin ya fi ƙarfinsa ya yi hayar inji na yini guda. Da wancan lissafi dai, eka ɗaya za ta ci awa goma sha uku ko fiye, watau aikin kwana biyu cur. Wanda ke da eka ɗaya zuwa uku, yana kuma dasawa sau biyu ko uku a shekara, shi ne lissafi ya fara goyon bayansa. Wanda gonarsa ta wuce eka biyar kuwa, ƙaramin inji wahala kawai zai ba shi. Shanun huɗa ko tarakta su suka dace da shi.

Har ila yau akwai maganar hanya. Lambuna da yawa a fadama ba a isa gare su sai ta 'yar siririyar hanya, ko a tsallake magudanar ruwa. Injin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa su sa a amalanke ba, zai zama kaya, in kuma aka bar shi ya kwana a lambu an ba ɓarawo sadaka.

IRE-IREN INJIN

Masu sayarwa sukan kira su duka da suna guda, alhali kuwa iri huɗu ne, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne ɗan mitsitsi, mai nauyin kilo 10 zuwa 15, faɗin aikinsa santimita 20 zuwa 30. Mace ko dattijo na iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Amfaninsa shi ne nome ciyawa tsakanin layuka da cuɗa taki a fangalin da ƙasarsa ta riga ta yi laushi. Ba ya iya fasa sabuwar ƙasa. Wasu irinsa da wutar lantarki suke aiki ta hanyar doguwar waya, waɗannan kuwa ba su da wani amfani a fadamar da babu wuta. Masu batir kuma ba su daɗewa sai a nemi caji.

Na biyu shi ne wanda wuƙaƙensa ke gaba ko ƙarƙashin injin, ba shi da tayoyin da ke jan sa, wuƙaƙen ne da kansu ke tafiya da shi. A bayansa akwai wani ƙarfe kamar turke wanda ke nitsewa cikin ƙasa. In aka danna shi inji ya tsaya wuri guda ya yi zurfi, in aka sassauta ya ci gaba. Ƙarfinsa doki 4 zuwa 7 ne, nauyinsa kilo 40 zuwa 90, kuma ana iya cire wuƙaƙen gefe a rage faɗinsa don shiga tsakanin shuka. Shi ya fi araha a cikin masu matsakaicin girma, shi ne kuma aka fi gani a kantuna. A ƙasa mai laushi babu kamarsa wajen sauƙin juyawa a ƙaramin fangali. Amma in ya gamu da busasshiyar laka sai ya riƙa tsalle yana fizgar mai shi kamar ɗan maraƙin da aka sa wa igiya yau, kafin azahar kafaɗu sun gaji, ƙasa kuwa samanta kawai aka karce.

Na uku shi ne wanda wuƙaƙensa ke baya a ƙarƙashin murfi, tayoyinsa kuma inji ne ke juya su. Nauyinsa yakan kai kilo 100 ko ya wuce, kuma wannan nauyin shi ke danna wuƙaƙe cikin ƙasa mai tauri, mutum sai dai ya bi shi yana saita shi. A wasu irinsa wuƙaƙen suna juyawa ne saɓanin yadda tayoyi ke tafiya, abin da ke sa su ci sabuwar ƙasa sosai. Aibinsa tsada, da wuyar juyawa a wuri matsattse. Yakan bar kusurwoyi sai an bi da fartanya.

Na huɗu kuwa tarakta ce mai ƙafa biyu, mai injin dizal na doki 8 zuwa 15, yawanci ƙirar ƙasar Sin ko Indiya, nauyinta ɗaruruwan kilo. Ana ɗaura mata wuƙaƙen kaftu, ko garma, ko amalanken ɗaukar kaya, har ma ana iya juya famfon ban ruwa da injinta. Ita ce sarauniyar gonakin shinkafa a ƙasashen Asiya. Wanda ya saye ta sana'a ya buɗe, domin lambun mutum ɗaya ba zai mai da kuɗinta ba. Magana dai ita ce daidai ruwa daidai tsaki.

Kada mai saye ya ruɗu da lambar doki da aka manna a jikin tanki. Abin da ke sa wuƙa ta shiga ƙasa shi ne nauyin injin da ƙarfin akwatin giyarsa. Inji mai doki 7 wanda ba shi da nauyi, a kan ƙasa mai tauri rawa kawai zai yi.

IRIN ƘASA

A jigawa, inda ƙasa ke da rairayi, inji na biyu ya isa, kuma bi ɗaya ya wadatar. A fadama mai baƙar laka kuwa, lokaci ya fi inji muhimmanci. In laka ta bushe ta tsattsage, tauri gare ta kamar dutse, tana cinye wuƙaƙe tana tsinka bel. In kuma tana jiƙe sharkaf, gindin wuƙaƙen yakan shafe ƙasar da ke ƙarƙashinsu kamar yadda magini ke shafe yaɓe. Da an maimaita haka shekara biyu ko uku a zurfi guda, sai a sami wani daɓe a ƙarƙashin fangali, wanda saiwa ba ta huda shi, ruwa kuma ba ya wucewa. Karas ya fito a lanƙwashe, tumatir ya riƙa yaushi da rana ko da an ba shi ruwa da safe, saiwar albasa ta ruɓe, mai lambu yana ta zargin iri ko taki, alhali kuwa ciwon yana taƙi guda a ƙarƙashin ƙafarsa.

Gwajin da ke hana wannan ba ya cin ko kwabo. A haƙa kimanin rabin taƙi, a damƙi ƙasa a dunƙula ta a tafin hannu, sa'an nan a danna ta da yatsa. In ta marmashe, lokacin kaftu ya yi. In ta lotsa tana sheƙi kamar yumɓun tukunya, a jira kwana biyu ko uku. In ta ƙi dunƙuluwa sam, a ba wurin ruwa a bar shi ya tsane tukuna. Wanda ke amfani da inji kowace shekara, ya kamata lokaci-lokaci ya sa garma ko diga ta wuce zurfin da wuƙaƙe ke tsayawa, don a fasa daɓen tun bai kafu ba.

Aibi na biyu shi ne yawan niƙa. Ƙasar da ta zama gari tana da kyau a ido, amma da an sako mata ruwa sai samanta ya haɗe, in ya bushe ya yi ɓawo, ƙananan iri kamar na latas da karas su kasa fitowa. Yawan juyawa kuma yana ƙone kitsen ƙasa da sauri, musamman a ƙasashe masu zafin rana, yana kuma sare tana, wadda ita ce ke huda ƙasa kyauta dare da rana. Masanin ƙasa Rattan Lal, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Badun daga 1970 zuwa 1987, ya nuna cewa ƙasar da aka rage wa huɗa, aka kuma rufe ta da kara da ganye, ta fi riƙe danshi, ruwan sama kuma bai cika zaizaye ta ba. A 2020 an ba shi lambar yabo ta duniya kan harkar abinci saboda irin wannan aiki. A Ingila ma wani mai lambu, Charles Dowding, ya shahara da noman kayan miya ba tare da kaftu ba tun farkon shekarun 1980. Ruɓaɓɓen taki kawai yake shimfiɗawa a saman fangali kowace shekara. Lalle a nan ƙasar gara takan cinye abin da aka shimfiɗa, kara kuma abincin dabbobi ne, ba kowa zai iya bin wannan hanya gaba ɗayanta ba. Amma darasinta a fili yake: bi ɗaya in ya isa, kada a yi biyu.

IRIN CIYAWA

Nan ne sabon mai inji ya fi yin kuskure. Ciyawar da ke fitowa daga iri, ta yi shekararta ta mutu, inji yana kashe ta, har ta zama taki. Amma akwai ciyayin da rayuwarsu ke ƙarƙashin ƙasa. Mutanen Ingila suna da nasu, masu dogayen fararen saiwoyi, waɗanda su ne ke mamaye sabon lambu bayan an bi shi da inji. A nan kuwa ga ƙiri-ƙiri, ga tofa, ga kuma aya-aya. Ƙiri-ƙiri da tofa, duk guntun da aka sare wanda ke da gaɓa yana iya tsirowa ya zama sabuwar ciyawa. Aya-aya kuma 'ya'yanta a jere suke a ƙarƙashin ƙasa kamar carbi. Muddin suna haɗe, na gaba yakan hana na baya tsirowa, amma da wuƙa ta tsinka tsakaninsu sai kowanne ya farka. Watau mai lambu ya sayi fetur da kuɗinsa ya shuka wa kansa ciyawa.

Maganin abin shi ne a fara bin wurin da fartanya, a tone saiwoyin a tsince su, a shanya su a rana su bushe ƙurmus, sa'an nan inji ya shiga. Aiki ne mai cin rai, amma sau ɗaya ake yin sa da kyau a huta. Wanda lambunsa ke cike da aya-aya, ya kuma san ba shi da halin tsince ta, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

KAYAN GYARA DA MAI

Duk wanda ya zaga ma'aikatun gona na jihohi ya ga manyan taraktoci a jere, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, yawancinsu kuwa ƙaramin ƙarfe ne ya kashe su wanda ba a samu a kasuwa ba. Ƙaramin inji ma haka yake mutuwa. Don haka tambayar da ta fi ta farashi ita ce: wa zai gyara, kuma ina kayan gyaran suke?

A nan mai lambu yana da wata sa'a. Tun daga farkon shekarun 1990, sa'ad da aka fara shirin Fadama na ƙasa da taimakon Bankin Duniya, ƙananan injunan ban ruwa suka bazu a karkara. Injin fetur da ke jikin yawancinsu, irin Honda GX160 da takwarorinsa ƙirar Sin, shi ne dai ake ɗorawa a kan injunan kaftu da yawa. In aka zaɓi mai irin wannan kai, makaniken da ke gyaran injin ban ruwa a ranar kasuwa zai iya gyara shi, fulogi da kafireto da igiyar tayarwa kuma duk suna nan a teburinsa. Abin da ba lalle a samu ba shi ne wuƙaƙe da bel da kayan cikin akwatin giya. Mai hankali zai sa mai kanti ya nuna masa su ido da ido, ya kuma sayi wuƙaƙe da bel na ajiya tun ranar farko. Neman shawarar malamin gona ba ya cin kuɗi, kuma akwai cibiyar injunan aikin gona ta ƙasa da ke kusa da Ilori, wadda gwajin irin waɗannan injuna yana cikin aikinta.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji, ga shi kuwa kaftun noman rani da hunturu yake haɗuwa. Matatar iska mai wanka da baƙin mai ta fi ta takarda jure ƙura, kuma ko wacce ce a riƙa duba ta kowace ranar aiki. Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan awa 20 na farko. Wanda zai sayi na gwanjo kuwa ya sa a tayar da shi da sanyinsa a gabansa, ya duba ko yana fitar da shuɗin hayaƙi, ya girgiza ƙarfen wuƙaƙe ya ji ko yana lilo, ya kuma leƙa ko mai na yoyo daga akwatin giya. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma mai. Inji mai doki 5 ko 6 yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa in yana aiki sosai. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a cikin 2024 kuma ya haura Naira 1,000. Duk wanda zai kwatanta inji da 'yan ƙwadago, lalle ya sa fetur da baƙin mai da gyara a cikin lissafinsa.

HAYA DA HAƊIN GWIWA

A Ingila ƙungiyoyin masu lambu da dama sukan ajiye inji guda a rumbun ƙungiya, kowa ya ɗauka ya biya kuɗi kaɗan, wasu kuma su yi hayar na kanti na yini ɗaya. Ƙasar Bangaladash ta fi wannan nisa. Bayan ambaliyar 1988, wadda ta hallaka shanun huɗa masu yawa, gwamnati ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injuna, taraktoci masu ƙafa biyu suka cika ƙasar, har ya zama da inji ake huɗar mafi yawan gonakinta. Amma manoma ƙalilan ne suka mallake su; sauran biya suke yi a zo a yi musu aiki, mai injin kuma ya ci abinci da shi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka saba hayar shanun huɗa da injin casa. Masu lambu goma da ke fadama guda suna iya yin karo-karo su sayi mai ƙarfi ɗaya, maimakon kowa ya sayi rarrauna. Sai dai sharaɗinsa mutum ɗaya ne zai riƙa tuƙa shi yana kula da shi, a kuma riƙa ware kuɗin gyara daga kowane aiki, domin injin da kowa ke tuƙawa ba ya ganin damina biyu.

A KULA DA RAI

Wuƙar da ke fasa laka ba ta san ƙafar mutum ba. Kada a tuƙa inji da silifa ko ƙafa ba takalmi, kada kuma a tuƙa shi da babbar riga ko mayafi mai jan ƙasa. Kafin a fara a tsince duwatsu da waya da tsumma, a kuma tuna inda aka binne bututun ruwa. In ciyawa ta naɗe wuƙaƙe, a kashe inji, a zare wayar fulogi, sa'an nan a sa hannu. Haɗari ya fi yawa lokacin ja da baya, sa'ad da mutum ke iya tuntuɓe wuƙaƙe su biyo shi. Inji nagari yana da wani mariƙi wanda da an sake shi wuƙaƙe za su tsaya. Wasu sukan ɗaure shi da roba don hannu ya huta, wannan kuwa wasa ne da rai. Yara kuma a nisanta su daga wurin.

Saboda haka mai lambun da ke shirin zuwa kanti ya fara auna lambunsa da taku, ya damƙi ƙasarsa, ya tone ciyawarsa ya ga irin saiwarta, ya kuma tambayi makaniken garinsu irin injin da ya iya. In da hali ya yi hayar irin wanda yake sha'awa ya gwada shi yini guda a nasa fangalin, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. In bayan duk wannan lissafi ya nuna masa fartanya ce ta fi masa, babu abin kunya a ciki; kuɗin ya sa su a taki da iri mai kyau. Allah ya ba da noman rani mai albarka.